Filin Tambaya da Amsa: Karanta Tudu da Kwari a Kan Taswira

Yawancin wasiƙun wannan watan a kan aikin taswira suka zo, musamman layukan nan masu ruwan ƙasa da ke nuna tsayin wuri, waɗanda ake kira kontuwa. Malaman labarin ƙasa biyu da wani safiyo a nan Kumasi ne suka zauna suka amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun haɗa masu kama da juna.

Daga wata malama a Asawase: Ina koyar da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Na zana musu layukan a allo, na ce inda suka matsu gangaren mai tsanani ne, inda suka buɗe mai sauƙi ne. Sun haddace tsaf, amma da na miƙa musu taswira sai su yi tsuru-tsuru. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Malama, haddar ba ta da laifi, sai dai ta riga gani zuwa. Yaron da bai taɓa ganin yadda layin ke fitowa daga jikin tudu ba, a idonsa zane ne kawai aka yi a takarda. Layin kontuwa yana haɗa duk wuraren da tsayinsu daga saman teku ɗaya ne, kuma babu abin da ke nuna haka kamar ruwa kwance, domin bakinsa koyaushe a tsayi ɗaya yake. Saboda haka ki fara gina tudun, zanen ya biyo baya.

Ki kwaɓa rabin olonka (gwangwanin awo na kasuwa) na siminti da olonka ɗaya da rabi na yashi, ki tara shi a kan leda ya zama tudu mai faɗin santimita 25 da tsayin santimita 12. Gefe ɗaya ki yi shi a tsaye sosai, ɗaya gefen ki kwantar da shi. Tun yana ɗanye ki ja babban yatsa daga sama zuwa ƙasa a wuri biyu kusa da juna, ki bar hanyar ruwa biyu da ɗan tudu a tsakaninsu. Ki riƙa yayyafa masa ruwa kwana uku, sannan ki bar shi ya bushe. Kada ki yi da ɗanyen yumɓu: da ya sha ruwa zai narke, darasin ya koma taɓo.

Ranar darasi ki sa tudun a cikin roba mai shimfiɗaɗɗen gindi, ki ɗaure rula a tsaye a jikin robar. Ki zuba ruwan da aka sa wa bula ta wanki har ya kai santimita 2, yaro ɗaya ya bi bakin ruwan da farin kirayon ya zagaye tudun. A ƙara ruwa zuwa 4, wani yaron ya zagaya, haka har 10. Daga ƙasa ake farawa, domin kirayon ba ya kama jikin da ya jiƙe. In an gama a zubar da ruwan, a ɗora gilashi ko farar roba mai ƙarfi a bakin robar, yaro ya rufe ido ɗaya, ya leƙa daga sama daidai tsakiya, ya kwafi zobban da alƙalamin maka. Kowane zobe a rubuta masa lambarsa nan take. Abin da ya fito a gilashin nan taswirar kontuwa ce, tazararta, wato bambancin tsayi tsakanin layi da layi, santimita 2, kuma su suka yi ta da hannunsu.

Wurare biyu ne aikin ke ɓaci. In robar ba ta zauna daidai ba, zobban za su karkace, don haka ki zuba ruwa kaɗan tun farko ki ga ko zurfinsa ɗaya ne ta kowane gefe. In kuma mai kwafi yana motsa kai, zobban za su hau juna, alhali layukan kontuwa ba sa gittawa, ba sa rabuwa biyu, kuma kowanne ko dai ya zagayo ya haɗe da kansa ko ya fita ta bakin taswira.

In aji ya yi yawa, ki raba su rukuni-rukuni ki ba kowanne rabin doya da aka tsaga ta tsawo. A kifa ta, a soke ta da tsinken tsire biyu daga sama, a zare, a yanka ta a kwance fala-fala, kaurin kowane yanki santimita 1. Sai a ɗora babban yanki a takarda a zagaye shi da fensir, a ɗiga alamar hujin biyu, a kawo na gaba a daidaita hujinsa da alamar. Tsinke biyu ake so, domin da huji ɗaya yankin zai juya ba a sani ba.

Daga wani malami a Tafo: Abin da ke kayar da ɗalibaina kowace shekara shi ne siffofin gangare biyu, konkef da konbes. Yau su gane, gobe su juya su.

Malam, ka kawo ƙwarya ɗaya aji, wadda ta kusa rabin ƙwallo, faɗin bakinta kamar santimita 24. Ka kifa ta a tebur. Ka kwantar da fensir a kan katako mai kaurin santimita 2, bakinsa ya taɓa jikin ƙwaryar, ka juya ta har zobe ya fita. Ka ƙara katako ka sake, har sama. In yara suka leƙa daga sama za su ga zobban kusa da baki sun kusa haɗewa, na kusa da ƙoli kuwa sun yi nesa da juna. A ƙwarya mai wannan girman, tsakanin baki da zobe na farko bai wuce milimita 2 ba, na gaba milimita 5, sai 9, sai 15, sai 23, daga zoben ƙarshe zuwa tsakiya kuwa fiye da santimita 6. Wannan shi ne gangare mai doro, konbes: sama a kwance, ƙasa a tsaye. Mai hawansa wahalar tana gindi, da ya yi nisa sai tafiya ta yi sauƙi.

Yanzu ka buɗe ƙwaryar, ka yi zobban a cikinta da ruwa da rula. Bakin shi ne sama, kuma nan ne bango ya fi miƙewa. Gindin ya kwanta. Wannan shi ne gangare mai loɓawa, konkef: layuka a matse a sama, a buɗe a ƙasa. Mai hawansa yana farawa da sauƙi, wahalar tana jiransa a ƙarshe.

Ga inda muke so ka tsaya ka ɓata lokaci. Ka sa su kwafi zobban waje a takarda ɗaya, na ciki a wata, ba tare da lamba ba, ka ɗaga takardun biyu. Zane ɗaya ne, babu bambanci. Abin da ya raba su shi ne ta ina lambobin ke ƙaruwa. Dalilin da ya sa ɗalibanka ke juya su ke nan: sun riƙe hoton layuka, ba su riƙe inda sama take ba. Don haka ka ɗora musu ƙa'ida, kafin kowa ya faɗi sunan gangare sai ya yi abu uku da fensir: ya nemo lamba mafi girma ya rubuta "sama", ya nemo mafi ƙanƙanta ya rubuta "ƙasa", sannan ya duba wane ɓangare ne layukan suka matsu. Wanda ya faɗi suna kafin ya yi wannan, ko ya dace kada ka karɓa, domin sa'a ce, kuma ba za ta bi shi ɗakin jarrabawa ba.

Sauran ba su da wuya. In nisan layi da layi a takarda iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, gangare ne mai tafiya ɗaya. In layuka suka matsu, suka buɗe, suka sake matsewa, gangare ne mai hawa-hawa. In kuwa layuka uku ko huɗu suka zo suka haɗe wuri ɗaya, bangon dutse ne a tsaye.

Akwai tambayar da ke biyo wannan a jarrabawa, wato ko wanda ke ƙoli zai hango wanda ke gindi. A gangare mai loɓawa zai hango shi, babu abin da ya tare. A mai doro kuwa doron ya shiga tsakaninsu. Ka ja zare daga ƙolin kifaffiyar ƙwarya zuwa bakinta, za su ga zaren ya kwanta a jikinta, ya kasa miƙewa.

Daga wani ɗalibi a Nima, Akra: Kwari da hancin tudu duk da siffar V suke fitowa. Yaya zan bambanta su in babu kogi a zane?

Ɗana, ka ɗora bakin fensir a tsinin V ɗin, ka karanta lambar layin. Ka matsa gaba ta inda tsinin ke nunawa har ka taɓa layi na gaba. In lambar ta ƙaru, kana cikin kwari ne kana hawa. In ta ragu, kana kan hancin tudu ne kana sauka. Dalili kuwa, ruwa ya ci ƙasa ya shiga cikin tudu, sai layin ya bi shi ciki kafin ya dawo. Hancin tudu kuwa ƙasa ce da ta turo kai waje tsakanin kwari biyu, sai layin ya zagaye ta ta waje.

Daga nan za ka san inda ruwa ya nufa ko ba a sa kibiya ba: yana fita ne ta buɗaɗɗen bakin V, tsinin yana kallon inda ya fito. V mai tsini sosai da layuka a matse, kwari ne mai zurfi da ƙunci. In ya buɗe ya koma kamar U mai faɗi, kwarin ya kwanta, kogin ya fara karkace-karkace, kuma irin wannan wurin ne ke ambaliya.

In layin da kake kai ba shi da lamba, ka bi shi da fensir a hankali har ka iske ta, ko ka ƙirga daga layi mai kauri. A taswirori da yawa kowane layi na biyar ake kaurarawa, don haka in tazara ƙafa 50 ce, masu kauri su ne 250, 500, 750. Wurin da ɗalibai ke zamewa shi ne in suka ƙetare rafi ko ƙolin tudu: suna ci gaba da ƙirga ta hanya ɗaya, alhali lambar da ka bari a wannan gefen ita za ka fara tarwa a wancan gefen.

Daga wata malama a Madina: Misalan da ke littafinmu na ƙasashen da yaran ba su taɓa gani ba ne. Akwai namu na gida da zan yi amfani da su?

Akwai, Malama, kuma yawancinsu a bakin hanyar mota suke. Duk yaron da ya taɓa tafiya tsakanin Akra da Kumasi ya ga tsaunin da ke tsaye a kan garin Nkawkaw. Gaɓar tsauni ce: fuska ɗaya a tsaye, bayanta a kwance. A taswira layukan sun cunkushe a gefen Nkawkaw, da an hau sama wajen Mpraeso sai su saki, daga nan ƙasa ta riƙa sauka a hankali ta arewa maso gabas zuwa filayen Afram. Gaɓar nan ita ce ta miƙe har Mampong ta Asante. Tudun Kwahu zai ba ki darasi na biyu kyauta, wato marabar ruwa: kogin Pra ya tashi daga nan ya yi kudu zuwa teku, Afram kuwa ta ɗaya gefen yake gangarawa zuwa tafkin Volta. Ki sa su ja layi da jan fensir tsakanin kawunan rafuffukan da ke gudu ta nan da masu gudu ta can. In layinsu ya ƙetare rafi ko ɗaya, sun kuskure.

Ku da ke Madina, hanyar Aburi tana bayan gida. Daga Ayi Mensah mota ke fara hawa, kuma karkacewar hanyar ita kanta darasi ce: masu yin hanya ba sa tunkarar layuka masu matsi kai tsaye, suna yanka su a karkace domin a tsawaita tafiya a rage tsananin hawa. Tudun Akwapim miƙaƙƙen tudu ne, layukansa dogaye ne sirara, sun nufi arewa maso gabas. A kan irin wannan tudun ne za ki nuna musu sirdi, wato inda ƙasa ta ɗan sauka tsakanin ƙoli biyu: zobe a nan, zobe a can, babban layi ya zagaye su duka. Hanyoyin ƙafa da na mota ta nan suke ƙetarewa. Inda kuma kogin Volta ya tsaga jerin tsaunukan a Akosombo, layuka sun matsu a gefe biyu ruwa na tsakiya. Kwazazzabo ke nan, kuma ƙuncinsa ne ya sa aka zaɓi wurin aka gina madatsar da aka kammala a 1965.

Duwatsun Shai da dutsen Krobo a filin Akra misali ne na dutsen da ya tashi shi kaɗai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: zobba a dunƙule, kewaye da su farar takarda kusan babu layi.

Wanda muka fi so a kai yara su gani shi ne tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Rami ne da wani dutse daga sararin sama ya haƙa sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, faɗin bakinsa kimanin kilomita 10 da rabi. A taswira zobba ne a cikin zobba, wanda duk yaron da ya haddace hoto zai ce tsauni ne. Amma daga bakin ramin lambobin raguwa suke yi zuwa ciki, rafuffuka duk tsakiya suka nufa, babu kogin da ke fita. Ƙananan ramuka da ba su da ruwa akan sa wa layinsu 'yan gajerun sanduna masu kallon ciki. Ki ajiye taswirar Bosomtwe kusa da ta Krobo, ki rufe lambobin da shuɗin tafkin da takarda, ki bar su su yi musu tukuna kafin ki buɗe.

Daga wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe a Aboabo: Ina bin ƙa'idar lissafin gangare daidai, amma amsata ba ta taɓa zuwa ɗaya da ta malam.

Ɗana, da wuya in ba ƙafa da mita kake haɗawa ba. Taswirorin Gana masu ma'aunin 1:50,000, irin waɗanda ake yanko wa jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, da yawansu tsayi da ƙafa aka rubuta, tazara ƙafa 50, nisa kuwa kai da santimita kake aunawa ka mayar mita. Abu na farko in an ba ka taswira, ka duba gefenta ka ga da me aka rubuta tsayi.

Ga misali. Wuri na farko yana kan layin 250, na biyu a kan 750. Bambancin tsayi ƙafa 500. Ƙafa 1 mita 0.3048 ce, don haka ka ninka da 0.3048, ya zama mita 152.4. Nisa a takarda santimita 6. A wannan ma'aunin santimita 1 mita 500 ce, don haka mita 3,000. Ka raba 3,000 da 152.4, ka samu 19.7, sai ka rubuta 1 cikin 20: duk tafiyar mita 20 ana hawa mita 1. Wanda ya manta ya raba 3,000 da 500 zai samu 1 cikin 6, ya mayar da gangare mai sauƙi mai tsanani.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma suna cin maki. In an ce gangaren hanya ko na kogi, da zare ko gefen takarda ake bin lanƙwasarsa, rula ta miƙaƙƙen nisa ce. In wurin yana da tsayinsa a rubuce kusa da ɗigo ko alamar kusurwa uku, da wannan lambar za ka yi aiki, ba da layin da ke kusa ba. Amsar kuma ba ta ɗaukar mita ko ƙafa a bayanta.

Ka riƙe wannan don auna amsarka da ido. A 1:50,000 mai tazarar ƙafa 50, in tsakanin layi da layi milimita 1 ne, gangaren wajen 1 cikin 3 ne. Milimita 5, wajen 1 cikin 16. Santimita 1, wajen 1 cikin 33. In lissafi ya ba ka 1 cikin 6 alhali layukan sun fi rabin santimita nesa da juna, ka koma ka duba.

Daga wata ɗaliba a Sabon Zango, Akra: In na yi zanen yankan ƙasa daga A zuwa B, tudun sai ya fito da tsini, ko kuma ya kwanta kamar babu komai.

'Yata, matsalar ma'aunin tsaye ce. Ki ɗora gefen farar takarda daga A zuwa B, ki yi ɗan alama duk inda layi ya taɓa ta, ki rubuta lambarsa a take, ki kuma yi alamar kogi da hanya. Ki kai takardar ƙarƙashin takarda mai gidaje-gidaje, ki ja layin gindi daidai tsawon A zuwa B, ki fara ma'aunin tsaye da tazara ɗaya ƙasa da lamba mafi ƙanƙanta. Kowace alama ki hau da ita tsaye zuwa tsayinta ki ɗiga, sannan ki haɗa ɗigon da hannu, ba da rula ba.

In kika ce santimita 1 ta tsaya wa ƙafa 100, wannan santimita 3,048 ke nan. Ki raba 50,000 da 3,048, za ki ga kin ninka tsayin sau 16 da ɗoriya, shi ya sa tudun ya yi tsini. In ƙafa 250 ce, ninkin sau 6.6 ne. A ƙasa mai tsaunuka irin ta Kwahu na biyun ya fi dacewa, a shimfiɗaɗɗen wuri na farkon ne zai fito da abin da ke akwai. In tambaya ta ba da nata ma'aunin, shi za ki bi. Inda lamba ɗaya ta zo sau biyu a jere, kada ki haɗa su da miƙaƙƙen layi: a ƙoli ki ɗan ɗaga, a kogi ki ɗan sauke, amma kada ki kai layi na gaba.

Daga wani shugaban makaranta a Suame: Taswira ɗaya muke da ita. Za mu iya yin fotokwafi?

Za ku iya, Malam, amma ku ce wa mai injin kada ya rage kada ya ƙara, sannan ku auna ma'aunin layi da ke ƙasan kwafin: kilomita 1 ta zama santimita 2 cif. In ta sauya, 1:50,000 da ke rubuce ya daina aiki, sai dai a auna da ma'aunin layin. Kwafi baƙi da fari kuma yana mayar da kogi da kontuwa kala ɗaya, don haka aikin farko yara su bi rafuffuka da shuɗin fensir suna duba ta asali. Taswirori na asali ana neman su a sashen safiyo da taswira na Hukumar Filaye.

Daga wani Alhaji a Zangon Kumasi: Ni ba malami ba ne. Fili aka yi mini tayi a bayan gari, a gindin wani tudu. Jikana ya ce taswira za ta nuna ko ruwa na bi ta wurin. Gaskiya ne?

Alhaji, jikanka ya yi gaskiya, amma rabi. Taswirar za ta nuna maka unguwar: in filin yana cikin bakin V, ko inda V biyu suka haɗu, ko a gindin gangare mai loɓawa inda layuka suka buɗe bayan sun matsu, to ruwan tudun gaba ɗaya ta nan zai bi, ya rage gudu, ya zube yashinsa. Mutanen da ke bakin rafin Aboabo da Subin sun san wannan kowace damina, haka na bakin Odaw a Akra, inda ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ta yi mummunar ɓarna a wajen shataletalen Kwame Nkrumah Circle. Rafin da ya bushe da rani bai fasa zama rafi ba, kuma mai sayarwa da rani zai kai ka. Fili a kan hancin tudu ya fi tsira daga ambaliya, sai dai in gangaren mai doro ne, gindinsa na zaizayewa.

Amma taswirar ba za ta nuna maka filin kansa ba. Fili mai ƙafa 100 a 1:50,000 bai kai milimita 1 ba, kuma da tazarar ƙafa 50, wato sama da mita 15, kwari mai zurfin mita 10 zai iya ɓuya tsakanin layi biyu. Takardar filin da za a ba ka galibi iyaka da ginshiƙai take nunawa, ba tsayi ba. Ka nemi safiyo mai lasisi ya auna maka tsayin filin da tazarar rabin mita ko mita 1, ya haɗa da hanya da kwatar da ke kusa.

Kafin nan, maginka zai iya gwadawa da farin tiyo mai tsawon mita 20. A cika shi da ruwa, a fitar da duk iskar da ke ciki, domin kumfa ɗaya ko lanƙwasa ɗaya tana ɓata awon. A kafa sanda a saman filin da wata a mita 15 ƙasa da ita, a ɗaga bakin tiyon biyu a buɗe a jikin sandunan, a jira ruwan ya tsaya, a auna daga ƙasa zuwa bakin ruwa a kowace sanda. Bambancin shi ne saukar ƙasa. A sake daga sanda ta biyu zuwa ƙarshen filin, a haɗa. In a mita 30 ƙasa ta sauka mita 1 da rabi, 1 cikin 20 ke nan, harsashi mai hawa-hawa zai ɗauke shi. In ta kai mita 4 ko 5, ka sa kuɗin yankan ƙasa da ciko da katangar tare ƙasa a lissafinka kafin ka yi ciniki, kuma injiniya ne zai zana katangar, a bar mata ƙofofin tsiyayar ruwa kowace mita 1 zuwa 2 da tsakuwa a bayanta. A auna kuma daga filin zuwa kwatar bakin hanya: in daɓen gidan zai zauna ƙasa da bakin kwatar, sai an ɗaga harsashi ko an samo wa ruwan wata mafita ta bayan fili, da yardar maƙwabcin da ke ƙasa da kai.